Wayoyin Uwais

Duk unguwar Lamisula babu wanda bai san jirgin Malam Audu ba. Ba jirgin gaske ba fa, don shi na gasken ya daɗe da daina shigowa Maiduguri, har ciyawa ta cinye tashar. Wannan a kan tsohon ƙyaure yake, an ɗora shi bisa duro biyu a ɗakin zaure. Malam Audu direban jirgin ƙasa ne, da ya yi ritaya sai hannunsa ya ƙi zama. Ya ƙera taragai da gwangwanin kifi, ya miƙar da ƙarafan tsohuwar lema ya yi layin dogo, ya jera tsinken ashana a ƙarƙashi. Ga tashar Maiduguri a wannan kusurwa, ga Buni Yadi, ga Gombe can ƙarshe da ’yar gadarta.

Amma wutar, wannan aikin Uwais ne, ɗansu na fari, mai gyaran rediyo. Shi ya ciro ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset ya dasa wa kan jirgin. Da aka hana hawa babur a gari, ya cire batirin nasa ya kawo. Sai ya kwanta rigingine a ƙarƙashin ƙyauren yana jan waya, ja da baƙa, yana liƙewa da dalma, kowace tasha da ɗan ƙwan fitilarta. Uwarsa Ladi, wadda ba ta kama sunansa, ta sha yi masa faɗa kan fere waya da baki.

"Kai Babba, ga reza, ga wuƙa, sai haƙori?"

"Umma, reza tana wuce gona da iri. Haƙorina ya san aikinsa."

To, wata safiya Uwais ya tafi Khaddamari gyaran wani janareta, bai dawo ba. Babu gawa, babu labari. Tun daga nan, kullum bayan la’asar Malam sai ya danna makunni, fitilu su kama, jirgi ya yi ta kewayawa. Shi ko yana zaune, idanun da suka fara dushewa suna bin hasken.

Ana nan sai wata hantsi maƙwabciyarsu Ya Zainaba ta shigo, gyale a karkace.

"Ladi, gida-gida jami’an tsaro suke bi suna bincike. A layin baya sun samu batir da wayoyi a ɗakin wani, fanka yake gyarawa wallahi. Suka ce kayan haɗa bam ne, samarin gidan duka an kwashe." Ta dubi ƙofar zaure, ta dubi Taufiq, autan Ladi, saurayi ɗalibi, yana wanke rigarsa a bakin rijiya. "Yau ko gobe layinmu ne."

Ladi ta sami mijinta a zaure yana goge layin dogo da tsumma.

"Malam, wayoyin nan sai an cire."

"Waɗanne wayoyi? Abin wasa ne, duk unguwa ta sani. In sun zo sai in kunna musu su gani."

"Ka kai hannu ga makunni, ga batir, ga waya, a gaban mai bindiga? Malam, ka ji abin da kake faɗa kuwa?"

Ya ajiye tsumman, ya ce, "Ni idona ba zai iya mayar da su ba. Taufiq ko ƙwan fitila bai iya sauyawa. In yaron nan ya dawo ya tarar an tsinke masa aiki, me zan ce masa?"

"In ya dawo ya tarar babu ƙanensa fa?"

Malam ya ɗauki hularsa ya tafi azahar.

Ladi ta turo ƙofa. Ta shimfiɗa zani a ƙasa, ta lallaɓa da gwiwoyinta masu ciwo ta kwanta rigingine, daidai inda ɗanta yake kwanciya. Ba ta taɓa ganin ƙarƙashin ƙyauren ba sai ranar. Ashe yaron nan tsaf ya jera komai, ya ɗaure wayoyin da zaren ɗinkinta, wanda ta yi ta cigiya tana zargin ɓera. Ta kama ta Gombe ta fizge. A bakin wayar yatsanta ya ji ’yan ramuka biyu a jikin robar, ɗaya ya ɗan karkace. Haƙorinsa na gaba ne, wanda ya gutsure yana ƙarami.

Ta daɗe riƙe da ita a ƙirji. Daga tsakar gida ta ji Taufiq yana matse riga, yana ’yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ta share ido, ta fizge ta Buni Yadi, ta fizge ta Maiduguri. Ta kwance batir, ta ɓalle ɗan injin da makunnin, ta tattara komai a zani, ta kai masai ta zuba. Ta ɗaga ’yar guntuwar jar waya za ta soke a bakin zaninta, sai ta tuna har mata ake lalubewa. Ita ma ta bi sauran.

Kashegari da rana masu binciken suka zo. Aka tsugunar da Taufiq a tsakar gida, hannu a ka. Wani dogo ya shiga zaure, ya haska ƙarƙashin ƙyauren da tocila, ya shafa ramukan ƙusa, ya miƙe.

"Baba, wannan fa? Da me yake tafiya?"

Ladi na tsaye a bakin ƙofa. Tun jiya Malam bai ce mata uffan ba.

"Da hannu, ɗana," in ji Malam Audu. Ya ɗora yatsa a kan jirgin ya tura shi. "Ka gani? Aikin tsofaffi."

Dogon ya yi ’yar dariya ya fita. Suka ce da Taufiq ya tashi, suka wuce gida na gaba.

Bayan la’asar Ladi ta kai wa mijinta kunu a zaure. Yana zaune a wurinsa, hannunsa na lalube inda makunni yake a da.

"Ko guda ba ki rage ba?"

"Ko guda, Malam."

Ya gyaɗa kai. Ya tura jirgin daga Maiduguri, ya wuce Buni Yadi, sai hannunsa ya gaza kaiwa can ƙarshen ƙyauren. Jirgin ya tsaya a tsakiyar hanya.

"Taufiq!" Ladi ta kira. "Zo ka tsaya ta wancan gefen, ka karɓar wa babanka."