Mai Jifan Farko

Shekara bakwai ina buga wasan jifan faifai da Injiniya Maitama, ban taɓa cin sa ba ko sau ɗaya. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada a yi mini mummunar fahimta a kan abin da na aikata. Mutum ya haƙura shekara bakwai, ai ya yi ƙoƙari.

Wasan ba shi da wuya a baki. Faifan roba ne kake jefawa cikin daji har sai ya shiga wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Kwanduna goma sha takwas ne, wanda ya fi kowa ƙarancin jifa shi ya ci. In faifanka ya faɗa ruwa, a ƙara maka jifa ɗaya na horo. Akwai kuma wata doka da ya kamata a riƙe: wanda ya fi iyawa a kwandon da aka bari, shi ke fara jifa a na gaba.

Ni sunana Abdul-Gafaru, haifaffen Zangon Kumasi, ina aiki a gidan kula da tsofaffi a Landover, nan Amurka. Maitama kuwa Bakano ne, yana zaune a Gaithersburg, kuma bai iya cin wasa ya yi shiru ba. Sai ya bi ka har mota yana koya maka. Yana da ƙa'idojinsa na buga filin da ba ka sani ba, ya maimaita mini su har na haddace. Ka zo da wuri ka taka filin da ƙafarka. Kada ka jefa inda idonka bai kai ba. Kada ka fito da sabon faifai ranar gasa. Babbar cikinsu kuwa, ka bar wani ya riga ka jifa, ka ga abin da daji ya yi da faifansa.

"Gani ga wane, Gafaru," haka yake cewa yana kaɗa mini yatsa, "ya ishi wane tsoron Allah."

Da ƙungiyarmu ta sanar da gasar 'yan koyo a wani sabon fili can gaba da Gaithersburg, sai na ga dama ta zo. Ranar Laraba na ɗauki hutu, na je ni kaɗai ban gaya wa kowa ba. Na gano tarkuna huɗu: kwando na huɗu, na tara, na goma sha uku da na ƙarshe. Duka a bayan tudu suke, daga wurin jifa ba ka ganin komai, kuma a bayan kowane tudu akwai ruwa kwance. Kududdufin kwando na ƙarshe ma ya cinye mini faifaina ruwan ɗorawa, na nema har na gaji na bar shi. Dabarata mai sauƙi ce. Kafin kowane tarko zan sakar wa Maitama kwando da jifa ɗaya, ya zama shi ne a gaba, ya afka ruwa, ni kuma in bi gefe in ci shi da biyu.

Matsalata ɗaya ce, sunanta Fatihu.

Fatihu mai haɗa magunguna ne a wani kanti a Hyattsville, shekararsa talatin da ɗaya, kuma yana son Samiha, 'yar Maitama. Shekara guda kenan yana jiran a ce masa ya turo magabatansa, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Samiha ce ta gaya masa babanta ba ya sanin mutum sai a filin wasa. Sai bawan Allah ya sayi faifai ya shiga koyo, cikin wata takwas ya fi mu duka. Tracy, matar da ke shirya gasar, ta haɗa mu uku a rukuni ɗaya. In aka bar Fatihu ya yi wasansa, shi zai riƙa fara jifa a kowane kwando, ya nuna wa Maitama hanya kyauta.

Ranar Asabar ni na ɗauko Maitama. Na bi hanyar da na san ana gyara, muka iso saura minti goma a fara, babu zancen taka fili. Yana can yana rattaba hannu a teburin Tracy yana mita, na ja Fatihu bayan mota.

"Ɗana," na ce, "yau ce ranarka. Kana son yarinyar nan?"

"Kawu, ai ka sani."

"To ka ji. Duk abin da za ka yi, kada ka shiga gaban surukinka. Ko sau ɗaya. Amurka muke, amma mutumin nan Kano tana cikin jininsa. Ka ci shi kwando, ka taka gabansa ka yi jifa yana tsaye a bayanka? Chale, ɗan'uwa, ka manta da Samiha."

Ya ce, "Amma rules ɗin, dokar wasan..."

"Rules ne za su ba ka mata?"

Ya yi mini godiya har da riƙe hannuna da hannu biyu. Na ɗan ji kunya, amma ba ta daɗe ba.

Da Maitama ya iso inda muke, Fatihu ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ya gaishe shi, Turawa suna ta kallo. Tsohon ya amsa a gajarce, ya ce, "An ce kana da hannu. Za mu gani."

Ban taɓa ganin mutum yana wahalar lalata wasa kamar Fatihu ba. Hannunsa ya saba da daidai, sai da ya riƙa yaƙi da shi. Ya nemi bishiya da gangan ya buga. A kwando na uku faifansa ya kusa shiga duk da haka, na ga fuskarsa ta canza kamar wanda ya fasa kwanon mutane. Ni kuma na saki jifana ɗaya, Maitama ya hau gaba.

A kwando na huɗu ya tsaya ya dubi tudun, ya dube mu. Ƙa'idarsa ta ce ya jefa gajere, amma girman kai ya ce kwandon yana nan kusa. Ya saki faifan, ya haura tudun, sai muka ji cabal.

"Ashe da ruwa," na ce, cike da jimami.

Na bi dama, na sauka a busasshe. A na tara aka maimaita. A na goma sha uku ya tuna ƙa'idarsa ya jefa gajere, faifan ya sauka a gangare, ya miƙe a kan gefensa ya gangara da kansa har cikin rafi. Ni dai na juya baya ina gyara jakata don kada a ga bakina.

Daga nan Maitama ya daina magana. Wanda ya san shi ya san shirunsa ya fi faɗansa muni.

A kwando na goma sha shida faifan Fatihu ya tsaya taku biyu daga sarƙoƙi. Yaron goye ma zai saka shi. Idan ya saka, ya ci kwandon. Ya ɗaga hannu, ya saci kallon tsohon, ya jefa faifan ƙasa da kwandon.

Maitama ya ajiye jakarsa a hankali.

"Malam Fatihu."

"Na'am, Baba."

"Samiha ta ce mini babu mai jifa irinka a Hyattsville. Ko dai 'yata maƙaryaciya ce, ko kai kake yi mini ƙarya tun safe. Wanne ne?"

Fatihu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ni ne, Baba. Kunyar shiga gabanka nake ji."

"Kunya." Tsohon ya maimaita kalmar kamar ya tauna tsakuwa a shinkafa. "Sau uku kana tura ni ruwa, ina zubar da faya-fayan da na yi shekaru da su, kai kana bayana kana ladabi. Wa ya koya maka wannan?"

Na shiga karanta takardar maki kamar yau na fara ganinta.

"Babu kowa, Baba. Tunanina ne."

Bai ko kalle ni ba. Da ya kalle ni da na fi jin sauƙi.

"To ka saurara," in ji Maitama. "A gidana ka durƙusa, na yarda. A dajin da babu wanda ya sani a cikinmu, ba na bukatar mai bin bayana. 'Yar nan tawa a nan aka haife ta, ban san irin hanyar da ke gabanta ba, ita ma ba ta sani ba. In mai ɓuya a baya zan ba ta, gara ta zauna."

Ya ɗauki jakarsa ya wuce.

A kwando na goma sha bakwai muka ga hannun da ake faɗa. Faifan ya bi tsakanin bishiyoyi kamar an ja shi da zare, jifa biyu ya shiga. Ni kuwa hankalina a tashe yake, ban ko sauya dabara ba, na sakar wa Maitama jifa ɗaya kamar yadda na tsara tun Laraba. Sai da muka iso kwando na ƙarshe na lissafa: ina gaban tsohon da jifa ɗaya tak, kuma yanzu akwai mai nuna masa hanya.

Fatihu ya tsaya a gaba. Tudu ne a gabansa, da ƙofa biyu tsakanin itatuwa, ta hagu mai faɗi, ta dama matsattsiya. Zai iya jefa gajere ya tsira. Ya zaro faifansa mafi kyau, ya saki da dukan ƙarfinsa ta ƙofar hagu. Muka saurara. Ƙarar ruwan ta zo mana sarai.

"Hagu ruwa ne, Baba," ya ce.

Maitama ya taka gaba. Ya bi dama, aka ji faifan ya sauka a kan ganye.

Ni da na san filin, ni da na kwana uku ina jefa wannan jifa a cikin kaina, na tsaya a wurin jifa. Na nufi dama, faifan ya daki itacen farko, ya karkata hagu ya haura tudun. An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Nawa har da ruwa a ciki. Maitama ya gama da uku, ni da biyar.

Bayan mun miƙa takarda, Fatihu ya naɗe wando ya shiga kududdufin neman faifansa da nawa. Muna tsaye a baki. Ya lalubo nasa, ya lalubo nawa, sai ƙafarsa ta taka wani. Ya ɗago shi, ruwan ɗorawa, duk laka. Ya juya bayan faifan ya karanta, na ga ya yi saurin kai shi bayan rigarsa.

"Kawo nan," in ji Maitama.

Kowane ɗan wasa yana rubuta sunansa da lambar wayarsa a bayan faifai. Ni har da manyan baƙaƙe nake rubutawa. Tsohon ya goge lakar da babban yatsa, ya karanta, ya daɗe yana kallona.

"Gafaru, ashe faifanka ya riga mu zuwa."

Na ce wataƙila iska ce. Bai yi dariya ba, amma na ga gemunsa yana motsi. Ya juya ga Fatihu da ke tsaye cikin ruwa har gwiwa.

"Ka san shi ya zuga ka, ka rufa masa asiri. Yanzu ma ka so ka sake rufawa."

Maitama ya yafito shi da hannu.

"Fito daga ruwan nan kada sanyi ya kama ka. Ranar Lahadi ta sama, bayan la'asar, ka turo magabatanka." Ya miƙo mini faifaina mai laka. "Kawunka zai shigo da su. Tunda ya iya zuwa wuri kafin mutane, shi zai fara sallama."

Fatihu ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa a inda yake, ruwan ya kai masa ƙirji.