Wa Zai Riƙe Injin?

Abdurrahim bai tsaya wanke baƙin man da ke hannunsa ba, ya tura ƙofar Alhaji Maliki, shugaban sashensu a ma'aikatar ruwa. Yana kwance ƙarƙashin injin tura ruwa wani direba ya tsegunta masa cewa gurbin karatun digiri na uku a Ingila, ɗaya tal da aka ba su bana, wani abokin aikinsu Datti aka ba.

Ya gaishe shi a tsaye. Ya tuna masa sharuɗɗan da shi Alhajin ya karanto musu da bakinsa: digiri na biyu a injiniyancin ruwa, binciken da aka buga, da gogewa a aiki. Duka yana da su. Datti kuwa da ƙyar ya haɗa digirin, kuma tun zuwansa farar rigarsa ba ta taɓa sanin mai ba.

Alhaji Maliki bai musa ko ɗaya ba. Ya ma ce a gaban kwamiti ya yabe shi.

"To, ranka ya daɗe, me na rasa?"

"Ba ka rasa komai ba, Injiniya. Amma in ka tafi, wa zai riƙe injin? Datti ko shekara goma ya yi a can, famfo ba zai san ya tafi ba."

"Ashe ladan iya aiki ke nan, a ɗaure mutum a gindinsa."

Alhaji ya gyara hula. Ya ce a yi haƙuri, baɗi ma shekara ce, in an samu wanda zai tsaya a madadinsa.

Abin da ya fi ƙona wa Abdurrahim rai shi ne maganar ba ƙarya ba ce. Bara da zazzaɓi ya kwantar da shi, ruwa ya ɗauke daga Abakpa har Unguwar Shanu, matarsa Turai ma sai da ta bi layin rijiya.

Yana fitowa aka ce masa injin ya sake tsayawa. Ya zauna a kan bencin baranda, ya ce a ransa yau sai dai ya ruɓe. Amma su Alhaji a Unguwar Rimi suna da tanki a saman gida. Ba su ne za su ɗauki bokiti ba.

Idonsa ya faɗa kan Garba, abokin aikinsa, injiniya mai kaifin kai, wanda ko jiya ya gaya masa shi ma baɗi zai nemi gurbin. Ya daɗe yana kallonsa, maganar Alhaji ta wanda zai tsaya a madadinsa tana dawo masa.

"Malam Garba, cire rigar nan ka zo. Yau zan nuna maka cikin injin nan gaba ɗaya."

Garba ya taso da sauri, yana cire rigar, yana ta godiya. Abdurrahim ya miƙa masa sifana, bai yarda sun haɗa ido ba.