Banɗaki Mai Lambar Yabo

"Tun yaushe kike jin zafi in za ki yi fitsari?" likita ta tambayi Auta.

"Ba ta jin zafi," in ji Mama. "Zazzaɓi ne kawai."

Auta, 'yar shekara goma sha uku, ta sunkuyar da kai. Tun makon jiya mararta ke yi kamar an zuba barkono, amma in Mama na wuri bakin kowa hutu yake samu. Ita ce shugabar makarantar su Auta, ba ta saba a yi tambaya wani ya riga ta amsawa ba.

"Kina ganin jini? Bayanki na ciwo?"

"Mu a danginmu ba a ciwon baya," in ji Gwaggo, wadda ta biyo su don kada a yi ba da ita ba.

Likita ta ajiye biro. "Don Allah ku ɗan ba mu wuri. Duk 'yan matan da suka zo haka nake yi musu."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wuri? To fa! Me ake zargin yarinyar da shi?" Ta juyo ta ƙare wa Auta kallo daga sama har ƙasa.

"Abin da 'yata za ta faɗa a bayana, ta faɗa a gabana," in ji Mama.

Tsoro ya kama Auta. Ta san Gwaggo sarai: in ta yi shiru, kafin yamma dangi sun yi mata saurayi har da suna.

"Riƙewa nake yi," ta ce a hankali. "Tun safe har a tashi. Ko ruwa ba na sha. Banɗakinmu na makaranta a kulle yake."

"Kullum? Wane marar imani ne yake kulle wa yara banɗaki?" in ji likita.

Gwaggo, da ba ta iya ganin shiru ta ƙyale shi, ta ce, "Ai lambar yabo ya ci ta tsafta, likita. Yaran nan in ka sakar musu ɓata shi za su yi. Sai masu duba makarantu za su zo take buɗewa, ko ba haka ba, Yaya?"

Mama ta shiga gyaran hannun jakarta.

Likita ta miƙa wa Auta 'yar kwalbar gwajin fitsari. "Banɗaki yana ƙarshen baranda, hannun dama."

Ba a jima ba Auta ta dawo, kwalba babu komai.

"A kulle yake. Mai shara ta ce manyan baƙi za su zo zagaye, an riga an wanke."

Mama ta miƙe zumbur, ranta a ɓace. "Yarinya ba lafiya, don kawai baƙi za su..."

Sai ta ga Auta na kallonta. Ta koma ta zauna.