Lambun Baba na Cikin Kwamfuta

Mai gyara ya riga ya juyo mata da laftof ɗin, yana murmushin wanda ya gama aiki mai kyau, lokacin da Auta ta tuna da lambun.

"Kin ga yadda take tashi yanzu? Na wanke ta tas," in ji shi.

"Malam, akwai wani wasan lambu da babana yake yi a ciki. Yana nan ko?"

"Sauke shi aka yi a kan kwamfutar?"

"A'a, a burauza yake. Shafi ɗaya ne, ba a taɓa rufe shi ba."

Murmushin ya ja da baya. Auta ce da bakinta ta ce a goge komai, kwamfutar ta yi nauyi.

Baba shekara talatin ya yi yana gyaran famfo kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi bara. Likita ya ce a riƙa motsa yatsun hannun dama, aka sayo ƙwallon roba, Baba ya ce shi ba kyanwa ba ne. Yayan Auta ne ya buɗe masa wasan, don dai a samu lafiya. Kowace safiya wasan yakan ba ka guntayen bututu a hargitse, ka yi ta juya su har ruwa ya isa shuka. In ya isa, shukar ta ci gaba da girma ko kana barci. A kan wannan ɗan abin ne hannun Baba ya fara riƙe maus ɗin kwamfuta, daga baya ya riƙe cokali. Yau kwana ɗari biyu da sha huɗu ke nan.

Mai gyara ya nemo shafin ya buɗe. Fili ne fayau, ƙasa ja, ga rijiya ɗaya a gefe. A sama an rubuta rana ta ɗaya.

"Irin waɗannan mutum ɗaya ne ke yin su a ɗakinsa," ya ce. "Ba rajista, ba talla, ko tsohuwar kwamfuta tana ɗauka. Amma ba inda yake ajiye maka komai sai cikin burauzarka. Ta tafi, ya tafi." Ya kai yatsa can ƙasan allon. "Ga wurin kwafe ajiya nan. Dubi ƙanƙantar rubutun, sai ka ce ba ya so a gani."

"In aka rubuta wa mai wasan fa?"

"Me zai ba ki? Shi ma bai taɓa ganin lambun babanki ba."

Yana magana hannunsa na juya bututu. Ya juya ɗaya, ruwa ya tsiyaye ta gefe, ya yi tsaki ya sake. Wata mata da ta kawo firinta ta yi gyaran murya har sau biyu, bai ɗago ba.

"Launin nan ba kyau, ba kuma wanda ya gaya maka yadda ake yi," ya ce. "Amma wanda ya haɗa shi ya san halin ruwa. Kin ga ba ya hawa tudu sai ka ba shi ƙarfi?"

Auta ta matso da kujera. Wata bakwai tana wuce Baba da tire a hannu, ba ta taɓa tsayawa ta ga me ke riƙe shi ba. Ta nuna wata gwiwar bututu, mai gyara ya juya ta, ruwa ya bi layi ya shiga kunya ta farko. Wani ɗan koren tsiro ya leƙo. Ta ji daɗi har ta ji kunyar kanta.

"Akwai dabara," in ji mai gyara, ya rage murya. "Lambobi ne kawai a ciki. Zan iya rubuta masa kwanakinsa, in sa masa duk injinan ban-ruwan da ya tara. Kina da hoton lambun?"

Tana da shi, yayanta ne ya taɓa turo mata. Ta miƙa wayar. Cikin minti ashirin allon ya cika da kore, injinan ban-ruwa shida suna juyi, sama ta ce rana ta ɗari biyu da sha huɗu.

A bas ta rungume jakar a cinya tana shirya fuskarta. Ba wannan ne karo na farko da za ta ɓoye wa Baba abu ba. Ran Talata ma sai da ya yi barcin rana suka shigo da wani ya gyara famfon kicin, aka ce da shi ya rage ƙara.

Ta sami Baba a falo inda ta bar shi. Ta ɗora laftof ɗin a teburinsa, ta buɗe, ta koma gefe tana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Baba ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Auta, wa ya miƙar da bututun nan na kusurwa?"

"Wane bututu, Baba?"

"Ranar farko hannuna rawa yake, na haɗa shi a karkace, ya zagaya bayan rijiya. Na bar shi haka don in riƙa tunawa. Wannan aikin mai lafiya ne."

Hoton bai kai kusurwar ba. Auta ta zauna a hannun kujera ta faɗa masa komai, har da cewa ita ta ce a goge. Ta jira faɗa. Shi kuwa sai ya ƙara matsowa kusa da allon.

"To da kika gan shi ba komai, yaya yake?"

"Ƙasa ce ja, da rijiya ɗaya."

"Za a iya mayar da shi haka?"

Ta dube shi. "Baba, wata bakwai fa."

"Tun da na sa injin na shida ban ƙara juya bututu ko ɗaya ba. Komai da kansa yake yi. In tashi da safe in zauna in kalla, shi ke nan. Lambun ya daina buƙatata, ni kuma na kasa goge shi da hannuna."

Tausayi ya kama ta, ta kuma gane ba lambun kaɗai yake nufi ba. Ta laluba ƙananan rubutun nan na ƙasa har ta samu wurin sakewa daga farko. Wasan ya tambaya ko an tabbata. Baba ya ture hannunta a hankali, ya danna da na damansa.

Ya juya bututu na farko, ya juya na biyu, bai ɗago kai ba.

"Wanda kuka kira ran Talata bai naɗa zare a bakin famfon ba," ya ce. "Daga nan nake jin yoyon."

Auta ta kasa kunne. Can daga kicin, ɗigo ya faɗa cikin kwano. Ta miƙe ta nufi ɗakin ajiya, inda suka ɓoye akwatin kayan gyaran famfonsa.