Tsingaron Tukunyar Goro

Daga tagar ɗakin ɗinkin buhuna, a benen izin, wato masana'antar da take aiki, Bara'atu tana hango maƙabartar da aka binne mahaifiyarta. Ba ta taɓa shiga ba. A unguwarsu ta Zango mata ba sa bin gawa. Ranar da aka fita da Inna Lami, iyakar Bara'atu ƙofar zaure, tana kallon makara har ta sha kwana.

A lokacin, wurin daji ne can bayan unguwar Kossodo, gonakin dawa da itatuwan kaɗanya. Tsohuwar maƙabartar 'yan Zango ce ta cika, dattawa suka roƙi fili a hannun masu ƙasa. Yanzu kuwa gari guda ya tsiro a wurin: izin na siminti, na ƙarfe, na man auduga, ga manyan motoci a jere, ga ɗakunan haya na kwano da masu sayar da shinkafa da wake. Maƙabartar ta rage a tsakiya, katangu sun matse ta.

Rokia, wadda keken ɗinkinta ke kusa da na Bara'atu, ita ta kawo labarin. Ta sunkuyo ta ɗaga murya saboda ƙarar injuna.

"Ke, 'yar masu goro, kin ji? Masu bulon can za su ja katangarsu cikin maƙabarta ta gefen gabas. An ce duk mai kabari a gefen nan ya zo ya kafa alama kafin Litinin, a kewaye masa. Inda ba alama, c'est fini, shi ke nan, fili ne."

Bara'atu ta ɗinka bakin buhu a karkace, sai da ta farke ta sake.

Da la'asar ta tarar da mahaifinta, Malam Tanimu, a zaure, yana yayyafa wa huhun goro ruwa kamar kullum. Yanar ido ta rufe masa gani, amma hannunsa bai manta da ganye ba. Ita ce 'yar fari, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. Ta durƙusa ta faɗa masa abin da ta ji.

"Alama," in ji shi. "Mu ba ma rubuta suna a kabari. Tukunyarta ta goro na fasa, na jera a kai. Ga kuma kaɗanya mai reshe biyu. Ka ba ta baya, ka dubi gabas, ka taka kaɗan, ga ta nan."

Suka kira ƙaninta Sadiƙ, wanda ke Abidjan. Da shi aka je binnewar, amma yana yaro lokacin. "Yaya, wallahi je ne sais plus, na manta," ya ce. "Zafin rana kawai nake tunawa."

Baba ya ce zai tafi da Mani, ɗan garin Tawa ta Nijar mai babur mai ƙafa uku da ke ɗaukar masa kaya. Mani ne zai zame masa ido.

"Baba, Mani bai san tukunyar ba."

"Ke mace ce."

"Ni nake wanke ta. Ni na riƙe wa Inna ita ranar da wuyanta ya tsage, ta huda ta ɗaure da jar waya."

Ya daɗe yana murza ganye a yatsunsa. "Ki tsaya a bakin hanya," ya ce. "Abin da ya ɗauko ya nuna miki."

Ranar Asabar da safe suka fita, bayan ruwan da aka kwana ana yi. Bara'atu ta riƙe guntun rodi da ta sa aka shafa wa farin fenti. Mani yana kaucewa ramuka yana tsokanar tsohon.

"Malam, ka riƙe da kyau. In ka faɗa cikin wannan kwata, 'yan Zango cewa za su yi mutumin Nijar ya zubar musu da goro."

"Kai dai tuƙa, ɗan cin kilishi. Da ƙafa na zo wurin nan kafin a haife ka."

Da suka wuce inda manyan motoci ke layi, Baba ya kasa kunne. Yana ta juya kai, yana sauraron ƙarar da bai sani ba.

"Mun zo?"

"Mun zo, Malam."

"Kai ni gindin kaɗanyar."

Mani ya dubi Bara'atu. Ba kaɗanya a wurin, ko kututture. Akwai turken wuta, da rumfar mai gadi, da tayoyi da aka jibge.

"An sare ta, Baba," in ji ta.

Baba ya sauko daga babur ɗin. Ya miƙa wa Mani hannu suka shiga, yana yi wa mazauna kaburburan sallama. Bara'atu ta tsaya a bakin hanya kamar yadda aka ce mata. Ba su kaɗai ba ne. Ga wasu maza can suna zagaye da sanduna a hannu, suna gardama a hankali, wannan ya nuna nan, wancan ya nuna can. Kaburburan sun kwanta, ciyawar damina ta haɗe su. A kan kowanne akwai tsingaro, ja, ja, duk iri ɗaya.

Mani ya riƙa ɗebo su a gefen rigarsa. Baba ya shafa ya girgiza kai, Mani ya rugo ya nuna mata, ita ma ta girgiza kai, ya mayar inda ya ɗauko in ya tuna. Rana ta ɗaga. Ta ga mahaifinta ya tsaya yana fuskantar kudu alhali yana zaton gabas ce.

Ta gyara mayafinta, ta yi sallama da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji, ta taka ciki. Wani daga cikin mazan ya ɗago ya dube ta, ya buɗe baki, sai kuma ya mayar da kansa ƙasa.

Ta bi layi layi tana sunkuyo. Can gefen gabas ciyawa ta ƙare kwatsam. Daga nan jar ƙasa ce shimfiɗe, an kankare ta, ga sawun katafila ruwa ya kwanta a ciki. Ashe ba su jira Litinin ba, sun riga sun share inda motocin bulo za su riƙa juyawa. Ƙasar da suka ture tana jibge a jikin sabuwar katanga, da saiwoyi da duwatsu.

A jikin tudun nan ta ga wayar. Ruwa ya wanke ta, ta yi tsanwa, amma ɗaurin na nan, murɗi irin na Inna mai ƙarewa da ɗan lanƙwasa don kada ya soki yatsa. Ta zaro wuyan tukunyar ta tsaya da shi a hannu.

Bayanta kaɗan akwai kabarin da ba kowa a kansa. Da za ta ajiye tsingaron a can ta kira su, Baba zai shafa, ya yi addu'a, ya kafa rodi, ya koma gida ya yi barci. Mani ba zai tona asirin ba. Har ta taka wajen. Sai ta dubi ɗan tudun, ta tuna wannan ma uwar wani ce ko uban wani, wataƙila na mazan can masu gardama.

Ta je ta sa masa tsingaron a tafin hannu. Yatsansa ya bi wuyan, ya tarar da wayar, ya tsaya.

"Alhamdu lillahi. A ina?"

Ta kama hannun rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ja shi a hankali. Ya ji ciyawa ta ƙare ƙarƙashin takalminsa. Ya ji laka. Ta ɗora masa hannu a kan tudun ƙasar, ya lalubo sama, ya lalubo gefe, har ya taɓa bulo.

"Inna lillahi," Mani ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Baba ya tambayi ina gabas. Suka juya shi, ya fuskanci katangar, ya ɗaga hannuwa. Bayan katangar injin bulo yana ta bugawa, ba ta ji ko kalma ɗaya daga addu'ar ba.

"Ke, kafa a nan."

"Baba, ba nan ba ne."

"Na sani. Kafa."

Ta soka rodin a jikin tudun, ya shige ba wuya.

Ranar Litinin da hantsi ta ga tifa ta tagar. Aka kwashe tudun, da farin rodin da komai, motar ta fita ta nufi inda ake cike sabuwar hanya. Rokia ta gani ita ma. Ba ta yi tsokana ba, ta tashi ta ce su yi musayar keke, nata ba ya kallon taga.

Da yamma Bara'atu ta tarar da Baba a zaure. Huhun goro yana gefe, ganyensa ya bushe, ba a yayyafa masa ruwa ba. Tsingaron na hannunsa. Ta durƙusa ta gaishe shi tana jiran ya tambayi labarin tudun, ya amsa gaisuwar, bai tambaya ba. Ta ɗauko kwanon ruwa ta shiga yayyafa wa goron.