Dokar Kamu Biyu

Shekara ashirin da biyu mijin yayata yana aiki a hukumar tace fina-finai, kuma kayan aikinsa guda ɗaya ne tak: tef ɗin awo irin na tela. Dokar ofishinsu ta ce dole a bar tazarar kamu biyu tsakanin namiji da mace a fim, ko da a matsayin uba da 'ya suka fito, tunda a zahiri ba shi ya haife ta ba. Sai a tsayar da fim, ya hau kujera, ya manna tef a jikin allo. In tazarar ta gaza da ɗan yatsa ɗaya, a yanke wurin.

Masu shirya fim suka gaji da yanka, suka saba da dokar. Uba zai yanke jiki ya faɗi, 'yarsa ta ja da baya, ta ɗora hannu a ka tana rusa kuka har a samo wani namiji daga waje. Mutane kuwa abin da suka gani shi suke yi. Na taɓa ganin wata ta yi wa yayanta haka a layin asibiti, jama'a na ta yaba tarbiyyarta.

Gogan naku, mijin yayar tawa, baki har kunne. "Kin gani ko?" ya ce mini. "Gari ya gyaru."

To, ranar wata Laraba da hantsi santsin tayil ya kwashe shi a falo, ƙugu ya goce. Ba kowa a gidan sai autarsa, budurwa mai digiri, wadda tun tana rarrafe ba ta kallon komai sai abin da ya tace. Ita da bakinta ta ba ni labarin, har tana alfahari. Wallahi da na ji, tausayinsa ya hana ni dariya.

Yana faɗuwa ta yi baya, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Baba! Jama'a, ba wani namiji a kusa?"

"Auta, bar ihun nan, zo ki kama ni."

"Baba, kai ma ka san ba kyau."

"Ke, wancan fim ne! Ni fa ni na haife ki."

"Na sani, Baba," ta ce, hawaye shaɓe-shaɓe. "Shi ya sa ba zan kunyata ka ba."

Ya cije leɓe, ya tattara sauran ƙarfinsa, ya miƙo mata hannu. Ta dubi hannun, ta ga tazarar ta ragu, sai ta ƙara matsawa baya.