Malamin Da Aka Hana Jin Hausa

Ɗayyabu yana gonar rake a bayan Dandamisa, yana taya mahaifinsa ɗaure dami, ƙanen mahaifiyarsa Kawu Ja'afaru ya iso da labarin. Kawu direban babbar mota ne, ya shekara goma sha biyu yana kai rake da masara Maraɗi. Ya ce akwai wata mata can da ta buɗe makarantar ƙananan yara, tana neman ɗan Najeriya mai Turanci.

Shekara uku ke nan da Ɗayyabu ya gama karatun malanta a Zariya, yana ta koyarwar sa-kai a wata firamare kusa da Makarfi ba a ɗauke shi aiki ba. Bai yi dogon tunani ba ya amsa.

Mahaifiyarsa, Inna Lantana, ita ce ta kasa gane zancen.

"Ƙasar waje kuma? A jirgi za ka?"

"A'a Inna, Nijar ce. A motar Kawu ma za mu tafi."

"To ai su ma Hausa suke ji kamarmu. Ko ba su ne masu zuwa sayen dawa kasuwar Hunkuyi ba?"

"Turanci zan koya wa 'ya'yansu."

Ta ce Allah ya tsare, ta ƙulla masa yaji da mazarƙwaila.

Sun bi ta Kano da Katsina suka fita ta Jibiya. A kan iyaka wani jami'i ya yi ta yi masa tambayoyi da Faransanci, Ɗayyabu yana zare ido. Da mutumin ya gaji, sai ya juya wajen abokin aikinsa ya ce da Hausa tsantsa, "Wannan ko kurma ne?" Sannan ya buga hatimi ya miƙo masa takardarsa.

Mai makarantar sunanta Madam Halima, doguwar mace mai saurin magana. Ta karɓe shi hannu biyu, ta nuna masa ɗakin da zai zauna a bayan makarantar, sannan ta zaunar da shi a ofis.

"Mushe Ɗayyabu, doka ɗaya ce gare mu."

Ya waiwaya ya dubi Kawu. A garinsu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce, wadda ake ja a kai bayan gari. Kawu ya danne dariya ya raɗa masa cewa haka ake kiran malamin boko a nan, makarantar boko kuma lakwal.

Madam ta ci gaba. "Daga ka shigo ƙofar lakwal ɗin nan, ba ka jin Hausa. Ko kalma guda. Iyayen yara sun ce su malami suke so wanda bai iya komai ba sai Ingilishi, don dole ta sa yaran su koya. Na faɗa musu na samo."

"Amma Madam, sunana Ɗayyabu."

"To, sai mi?"



Yara ashirin da uku aka ba shi, 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Ranar farko ya tsaya gabansu ya gaishe su da Turanci, suka zuba masa ido. Wani yaro ya tambayi na kusa da shi, da ƙarfi, ko wannan ne Baturen da aka ce zai zo. Ɗayan ya ce a'a, Baturen rana ce ta ƙona shi a hanya. Ɗayyabu ya juya ga allo ya yi ta goge abin da ba a rubuta ba, har dariyar ta sake shi.

Haka aka yi wata biyu. Yana jin duk abin da suke faɗa, yana yin kamar bango. Sun tattauna girman kunnensa a gabansa, sun yanke shawarar takalminsa na mata ne. In yaro ya ce yana jin fitsari, sai Ɗayyabu ya ɗaga gira ya jira a nuna masa da hannu, wani lokacin kuma kafin a nuna aikin gama ya gama. Waƙoƙin da yake koya musu sun kama su da wuri, suna rerawa suna tafi, amma bai san ko sun san abin da suke faɗa ba. Shi kansa ya fara shakkar ko koyarwa yake yi ko wasan kwaikwayo.

A waje ma bai san matsayinsa ba. Yana sayen ƙosai da Hausa, yana gaisawa da mutane a masallacin unguwa da Hausa, amma in ya hango yaro da rigar makarantarsu sai ya haɗiye maganarsa ya koma nuni da yatsa. Mai ƙosan ta taɓa tambayarsa ko yana da aljanu ne. Ranar da Madam ta ce akwai taron malamai ƙarfe goma sha biyar, ya zauna a ɗaki yana jujjuya agogo, yana neman inda sha biyar take, bai san ƙarfe uku na rana ake nufi ba, har aka gama taron. Wata Asabar ya shiga mota zuwa Tasawa don kawai ya wuni a garin da ba wanda ya san shi, ya zauna a rumfar mai shayi ya yi ta surutu har maƙogwaronsa ya bushe.

In ya kira gida Inna takan tambaya, "Sun fara ji?"

"Suna ji, Inna. Ni ne dai ba na ji."

"Ciwon kunne kake yi?"

Sai ya ce waya ce ba ta da caji.

A ajin akwai wata yarinya Mukarrama, ƙarama a cikinsu, wadda ba ta taɓa buɗe baki ta yi waƙa ba. Wata Laraba da hantsi, Madam ta fita gari, yana rubuta haruffa a allo, ya ji an ja masa wando. Mukarrama ce, idonta ya cika da hawaye, tana numfashi ta baki.

"Mushe, gyaɗa ta shige mini hanci. Ta ƙi fita."

Ya durƙusa ya duba. Ga ta can ciki, hancin ya fara kumbura. Ya yi mata magana da Turanci, ya kama nasa hancin yana nuna mata yadda za ta yi. Yarinyar ta ɗauka cewa yake ta ja numfashi, ta ja, gyaɗar ta ƙara shigewa. Ta fasa kuka, tana neman tura yatsa.

"Kar ki taɓa!" Bai san lokacin da Hausar ta fito daga bakinsa ba. "Tsaya, Mukarrama, dube ni. Buɗe baki ki ja iska. Yawwa. Zan toshe wannan ɓangaren, ke kuma ki fyace da ƙarfi kamar mai majina. Maza!"

Ta fyace sau ɗaya, sau biyu. A na uku gyaɗar ta faɗo kan tabarma.

Yara ashirin da biyu suna kallonsa baki buɗe. Can wani ya ce, a hankali, "Mushe ya warke."

Kafin la'asar Ɗayyabu ya haɗa kayansa a jaka. Da Madam ta aiko kiransa, ya tarar da ita tare da wani dattijo mai farar shadda, wanda ya sha gani a sahun gaba a masallaci. Alhaji Hamisu ne, mahaifin Mukarrama, kuma shi ne shugaban iyayen yara, wanda ya kawo dokar tun farko.

Ɗayyabu ya rasa da wane harshe zai gaishe shi. Ya rusuna kawai.

"Malam, sannu da ƙoƙari," in ji Alhaji. "Allah ya saka da alheri. Ya mutanen Makarfi?"

"Alhaji... kun san ina jin Hausa?"

"Haba Malam. Ba kai ne ka ja mu sallar Magariba ran nan ba, ka tsaya kana ta hirar farashin taki da mutane? Kowa ya sani."

"To yaran fa?"

"Yaran ai yara ne."

Ya dubi Madam, yana jiran hukunci. Ita kuwa takardu take jerawa. Ta ce gobe ya shiga aji kamar kullum, dokar tana nan, in yaran sun tambaya za ta ce musu tsoro ne ya sa Hausar ta zo masa, kuma ta koma.

A bakin ƙofa Alhaji ya riƙe hannunsa, ya rage murya. Ya ce Mukarrama ba ta gane komai a ajin nan, wata biyu ke nan. Ko Malam zai riƙa zuwa gida bayan la'asar ya yi mata bayanin darasin da Hausa, ita da 'yan'uwanta?

"Amma Alhaji, ba ku ne kuka ce..."

"Wancan lakwal ne. Wannan gida ne."

Washegari Ɗayyabu ya shiga aji ya gaishe su da Turanci. Suka amsa, suna leƙen bakinsa. Wani ya gwada shi, ya ce akwai kunama a bayansa. Sai da ya yi da gaske bai waiwaya ba.

Ya yi shekara biyu a Maraɗi a kan wannan tsarin, da safe ba ya ji, da yamma yana ji. Kafin ƙarshen shekarar farko gidaje shida yake zagawa bayan la'asar, duk na iyayen da suka sa hannu a dokar. Mukarrama ta fara karanta gajerun kalmomi kafin kowa a ajin, Madam kuma ta riƙa kawo baƙi su gan ta, tana cewa ga amfanin malamin da bai iya Hausa ba.